Katin na gaske ne, hatimin ne jabu

Alhamdulillahi, 'yan uwa masu tara kati, na gano bakin zaren wani katin Gyarados da ya hana ni sakat. Mai lamba 6/102 nake nufi, na Base Set, wato jerin katunan Pokémon na farko, bugun Turanci da Wizards of the Coast suka fitar a 1999, mai ƙyalli, marar inuwa (wato babu inuwa a gefen akwatin hoton), da hatimin bugun farko a gefen hagu ƙarƙashin hoto. Katin na gaske ne, hatimin ne wani ya ɗora masa daga baya. Da idona na gani, ba wani ya gaya min ba, shi ya sa nake cike da farin ciki duk da kuɗin da suka salwanta.

Gwaje-gwajen da kowa ya sani duk ya tsallake su. Faɗi milimita 63, tsawo 88. A sikeli nauyinsa ya zo daidai da na wani mai ƙyalli da na tabbatar da shi. Na haska tocila ta baya, haske bai ratsa ba. Siririn baƙin layin da ke tsakiyar takardar yana nan a gefe. Layin haƙƙin mallaka na ƙasa yana da 99 bayan 98, kamar yadda marasa inuwa suke, jan rubutun HP (makin ran Pokémon ɗin) kuma siriri ne. Babu inda za ka kushe shi, kuma nan ne wahalar take, domin waɗannan gwaje-gwajen duk tambaya ɗaya suke amsawa: daga maɗaba'ar kamfani takardar ta fito ko a'a? Ba su ce komai game da abin da aka yi wa katin bayan ya fito ba.

Lissafin mai jabu a fili yake. A Base Set na Turanci, bugun farko marasa inuwa ne, amma ba duk marar inuwa ne bugun farko ba. Akwai waɗanda aka buga da tsari iri ɗaya sak, hatimin kawai babu. Sai mutum ya sayi irin wannan, ya danna masa ɗan baƙin da'ira mai lamba 1 da kalmar EDITION a samansa, farashi ya ninka. Malalacin cikinsu shi ne mai ɗora hatimi a kan bugun Unlimited, wato na gama-gari da ya biyo baya, mai inuwa, wannan kallo ɗaya ya isa. A nan ma a yi hattara kafin a kira wani ɓarawo: Machamp 8/102 da ke zuwa cikin kwalin masu koyon wasa yana da hatimi tare da inuwa kuma halas ne, haka bugun farko na Jungle da Fossil, jerin da suka biyo bayan Base Set, haka Base Set na Faransanci da Jamusanci. Nawa dai ba aikin malalaci ba ne.

Abin da ya fara tayar min da hankali ɗan ƙarami ne. Idan na juya katin a hannu, hatimin yana kama haske a wani lokaci daban da sauran rubutun. Shi ke nan. Ba hujja ba ce da za ka kai wa mai sayarwa.

Sai na shiga kwatanta shi da hotunan intanet, na ƙara rikicewa. Hatimin gaskiya kansa ba iri ɗaya ba ne. A masu ƙyalli na Base Set akwai mai kauri akwai siriri, a marasa ƙyalli kuma akan samu wanda tawadarsa ta yi toka-toka. Duk hoton da na buɗe sai in ga nawa ya yi kama da shi ta wani gefe, ya saɓa ta wani. Na auna tazarar hatimin daga bakin hoton, na auna daga rawayan gefe, bambancin bai wuce wanda ake samu tsakanin katunan gaske biyu ba. Hoton waya kuwa, da an matse shi an tura, gefen haruffa ya narke, ba abin da za ka karanta a ciki.

Na koma kan madubin ƙara girma, irin na masu gyaran agogo. Kun san ƙa'idar: launukan kati ɗigo-ɗigo ne na shuɗi da ja da rawaya da baƙi, suna haɗuwa su yi 'yan zagaye, amma baƙin rubutu a dunƙule ake buga shi, gefensa a yanke tsaf. Jabun da aka kwafo daga hoton kati, rubutunsa ma ɗigo-ɗigo yake fitowa, nan take ake kama shi. Na leƙa hatimin Gyarados ina fatan ganin ɗigo. Baƙi ƙirin, a dunƙule, kamar na gaske. A nan raina ya ɓaci sosai, domin gwajin da na fi dogara da shi ya ce lafiya lau, idona kuma yana cewa da sauran magana.

Na sayi ƙaramar na'urar ƙara girma mai haɗawa da kwamfuta, mai fitilu kewaye da bakinta. Wannan sayayyar ta yi min ciwo, domin da farko ba ta ƙara min komai ba. Fitilunta daga sama suke dukan katin kai tsaye, sai komai ya kwanta shafe, tudu da kwari su zama ɗaya. Hoton ya yi girma ya yi kyau, labarin dai shi ne na madubi.

Abu biyu suka warware matsalar, kuma tare suka zo. Na farko, na daina kwatanta kati da hoto, na nemo Machamp na bugun farko na ajiye a gefensa. Shi ne mafi araha cikin masu ƙyallin Base Set da ke ɗauke da hatimin asali, kuma ba wanda zai wahalar da kansa ya yi masa jabun hatimi tunda da shi yake fitowa. Na biyu, na kashe fitilun na'urar gaba ɗaya, na kashe wutar ɗaki, na kwantar da tocila a kan tebur yadda haskenta zai shafi fuskar katin daga gefe, kusan a kwance.

A kan Machamp, hatimin da rubutun da ke ƙasansa sheƙinsu ɗaya, duk sun kwanta a fuskar katin. Ina motsa tocila suna haske tare suna dushewa tare. A kan Gyarados, hatimin ya taso. Yana da ɗan tudu, gefen da ke nesa da tocila har da siririyar inuwa, sheƙinsa kuma nasa ne daban, irin na roba. Kewaye da haruffan EDITION ga wasu ƙananan baƙaƙen ɓarɓashi a warwatse, irin na hodar firinta mai aiki da zafi, waɗanda hasken sama ya ɓoye su cikin ɗigon launin katin.

Sannan na ga abin da ya rufe maganar. Akwai wani tsohon karce siriri kamar gashi, ya taso daga rawayan gefen hagu ya nufi tsakiya. Na bi shi a hankali. Yana isa hatimin ya ɓace, ya sake ɓullowa ta ɗaya gefen. Tawadar ta hau kansa ta cike shi, ba ta tsage ba ko kaɗan. Da hatimin daga maɗaba'a yake, abin da ya karce katin da ya karce shi shi ma. Karcen ya girmi hatimin. Na daɗe ina kallonsa ina murmushi ni kaɗai, wallahi ban taɓa jin daɗin wannan sha'awar tamu kamar lokacin ba.

Wani zai ce da ka goga masa sinadari tun farko ka huta. Ban yarda da wannan ba, kamar yadda ban yarda da lanƙwasa kati ko yaga shi don ganin baƙin layi ba. Idan hatimin na gaske ne ka lalata dukiyarka, idan jabu ne ka goge hujjarka, mai sayarwa kuma ya ce ba haka ya turo maka ba. Haske daga gefe ba ya taɓa komai.

Wani kuma zai ce a tura wa kamfanin tantancewa kawai. Suna da amfani, amma kuɗin tantancewa da na aikawa da inshora kan kusa cinye ribar ƙaramin kati, kuma kwalin robar da suke rufe kati a ciki ba ya maye gurbin ido. Katin farko da kamfanin tantancewa na PSA ya tantance bayan kafa shi a 1991 shi ne T206 na ɗan wasan baseball Honus Wagner, ya ba shi maki 8, sai a 2013 dillalin kati Bill Mastro ya amsa a gaban kotu a Amurka cewa ya datse gefunansa. A farkon 2022 kuma ɗan YouTube Logan Paul ya buɗe kwalin da ya saya dala miliyan 3.5 a matsayin bugun farko na Base Set, wanda aka riga aka tantance masa, ya tarar da katunan G.I. Joe a ciki, ba na Pokémon ba. Gani ya kori ji.

Na tura wa wanda ya sayar min hotunan karcen da na ɓarɓashin. Bai yi gardama ba, kuma ina kyautata zaton shi ma haka aka sayar masa. Ya karɓi katin ya mayar da kuɗi, amma na aikawa zuwa da komawa sun tafi, kuma ba kaɗan ba ne.

Tsarina na da shi ne in gama da Pokémon in koma wasan kati na Magic, in koyi gwajin koren ɗigon bayan kati mai jajayen ɗigo huɗu a jere kamar harafin L. Wannan tsarin ya watse. Yanzu duk wani kati mai hatimi da ke cikin kundina na fito da shi daga leda, ina bin su ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin tocila da Machamp a gefe. Na Fossil sun fita lafiya, ina tsakiyar Jungle. Daga yau kuma kafin in biya kuɗin bugun farko, sai mai kaya ya turo min ɗan bidiyon hatimin a ɗaki mai duhu, tocila a kwance, yana juya katin a hankali. Idan na koma Magic, da katunan Collectors' Edition na 1993, bugun masu tarawa mai baya daban, zan fara, waɗanda ake ɓare fuskarsu a manna ta a bayan kati na gaske, domin a can ma koren ɗigon zai fito daidai, sai dai a nemi sawun gam a gefen takarda.