Taya ko sarƙar katafila: abin da muka gani da muka gwada

Kusan duk ɗalibin da ya shigo ƙungiyarmu ta haɗa mutum-mutumi, burinsa a ɗora na'urar a kan sarƙa irin ta katafila ko tankar yaƙi. Hujjarsu ɗaya ce: sarƙa ta fi taya taka ƙasa, saboda haka za ta fi riƙo. Maimakon dogon musu, sai muka haɗa gangar jiki biyu masu nauyi ɗaya da moto iri ɗaya, guda a kan sarƙa, guda a kan tayoyi shida. Mun bi ƙa'idar FIRST Tech Challenge, wata gasar mutum-mutumi ta ɗalibai, inda na'ura ba ta wuce inci 18 ta kowane gefe a farkon wasa, filin kuma ƙafa 12 ne tsawo da faɗi, shimfiɗe da tabarmar soso.

Da gwajin ja muka fara. Muka ɗaura wa kowace sikelin rataye, muka ba ta wuta har ta soma santsi. Bambancin bai taka kara ya karya ba. Yaran sun yi mamaki, amma dalilin a fili yake: a kan shimfiɗaɗɗen daɓe, riƙo ya dogara ne da nauyin da ke danne ƙafar da kuma irin robar da ke jikinta, faɗin wurin da ta taka bai cika ƙara komai ba. Faɗin sarƙa yana amfani ne a yashi ko taɓo, inda yake raba nauyi ya hana nutsewa.

Wajen shan kwana ne sarƙar ta nuna halinta. Na'urar da ba ta da sitiyari tana juyawa ne ta hanyar tura gefe ɗaya gaba, ɗayan baya, don haka dole gaban sarƙar da bayanta su gurji ƙasa a karkace. A kan soso gurzar tana da yawa. Moto ya ɗau zafi, batir ya yi saurin sauka, na'urar tana juyawa da tsalle-tsalle. Mai tayoyi shida kuwa mun sauke tayoyinta na tsakiya da kamar milimita 3, sai ta zama a kan huɗu kawai take tsaye a kowane lokaci, tana juyawa salin alin. Wannan ya fi muhimmanci a daƙiƙa 30 na farkon wasa, lokacin da na'ura ke tuƙa kanta ba hannun kowa. Lissafin tafiyarta daga zagayen moto yake fitowa, kuma duk santsin da aka yi a kwana kuskure ne da ke taruwa. Mai sarƙar ba ta cika tsayawa wuri ɗaya sau biyu a jere ba.

Ga kuma ɗawainiyar ɗaure sarƙar. In ta yi sako-sako sai ta zame daga kan haƙoranta, na'urar ta tsaya cik. In aka ɗame ta sosai, sai ta cinye ƙarfin moto. Taya ɗaya in ta lalace, sauran biyar za su kai ka ƙarshen wasa.

Ba na raina sarƙa. Da muka jera katakai da gangare, ta haye su cikin sauƙi, ita kuwa mai taya cikinta ya maƙale. Shi ya sa a kakar 2015 zuwa 2016, da wasan Res-Q na gasar FIRST Tech Challenge ya zo da hawan tudu mai sanduna, ƙungiyoyi da yawa suka koma sarƙa, kuma ita ce ta mamaye gasar RoboCup ta aikin ceto, inda ake hawa matakala da baraguzai.

Filin da muke shirin shiga shimfiɗaɗɗe ne, don haka tayoyi shida muka zaɓa. Abin da ya rage mana shi ne ƙurar hunturu, wadda ke kwanciya a kan robar ta rage mata riƙo. Yanzu akwai ɗalibin da aikinsa shi ne goge tayoyin da jiƙaƙƙen tsumma kafin kowane zagaye.