Abin da ya fito daga ɗakin Baba

Tun da asuba Hajiya ta ce yau sai an kwashe ɗakin Baba, ɓeraye sun ishe ta. Ga sanyin Jos har cikin ƙashi. Ni da Auta muka shiga.

A bayan tsohuwar adaka na same shi, naɗe cikin buhu. Mutum-mutumi na itace, bai wuce kamu ɗaya da rabi ba. Kai ɗan mitsitsi da tukku kamar na zakara, dogon wuya, hannuwa sun zagayo jiki kamar an yafa masa gyale, ƙafafu gajeru a lanƙwashe. Idanu ɗigo biyu kawai. In ka shafa, kana jin duk inda gizago ya sara.

Hajiya na gani ta ja da baya. "Fitar min da gunkin nan, mala'iku ba sa shiga gidan da yake." Na ce, "Hajiya, ai ko kama da mutum bai yi ba." Ta ce in je in gaya wa malam haka, amma ba zai kwana mata a gida ba.

Ni kuwa tuni na fara lissafi. Na san irinsa: sassaƙar ƙabilar Mumuye ce ta wajen Zing a Taraba, irin waɗanda aka yi ta kwashewa zuwa Turai a ƙarshen shekarun 1960, lokacin yaƙin basasa. Har na hango kaina cikin sabuwar mota.

Bayan la'asar na kai wa Kawu a kasuwar Katako. Dariya ya yi har da tari. "Ɗan nan, ai ni nake riƙe wa babanka fitila." Ashe wani masassaƙi suke ba aikin a bayan gari. Su shafe shi da manja da kunkunniya, su rataye a madafa ya sha hayaƙi, sannan su binne ƙafafun kusa da suri kwana biyu gara ta ɗan ɗanɗana. Daga nan sai a tari Turawan da ke zuwa gidan tarihin Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, kallon tsofaffin kayan yumɓu na Nok. "Wannan ne kaɗai ya yi kwantai. 'Yan'uwansa su suka biya maka kuɗin makaranta."

Na yi dariya ni ma, amma a hanya ta ƙare min. Baban da ya taɓa zane ni saboda na ɓoye canjin sule biyu. Kuma ga abin haushi: yanzu mutum-mutumin ya haura shekara arba'in, tsufan da aka ƙaga masa ya zo da ƙafarsa. Ba wanda ya taɓa yi masa yanka, ba wanda ya taɓa roƙonsa komai. To gunkin wa?

Dankali ya ƙara kuɗi a Farin Gada. Wuta ba ta zo ba.

Ban gaya wa Hajiya maganar Kawu ba. Mutum-mutumin yana but ɗin mota, cikin buhunsa. Ɗazu da na fita kulle ƙofa sai da na buɗe na sake shafa wuyan.