Mako uku na ɓata a kan miliwat 2

Har yau in na tuna sai raina ya sosu. Mako uku ina fitowa daga Agege a Legas da asuba, in cusa kaina cikin danfo, wato motar haya, in sha cunkoso, don kada awa biyun da aka ware mini a kan na'urar EPR su wuce ni, wato na'urar da ke gano ilektaron marasa abokin zama a cikin abu ta hanyar maganaɗisu da maikirowef, ta nuna su a matsayin layukan sigina. Ashe duk lambobin da nake tarawa a kan wani farin dutsen daimon shirme ne.

Daimon biyu aka damƙa mini, duka ƙirar hannu. Ɗaya rawaya, irin wanda ake haɗawa da matsanancin zafi da matsi, hanyar da General Electric suka yi nasara da ita a Amurka a 1954. Ɗayan fari tas, daga iskar gas aka tsiro shi, wato CVD. Aikina in ƙirga naitirojin da ya zauna shi kaɗai a gurbin kabon, abin da muke kira P1. Tun 1959 aka san kamanninsa a EPR, ba wani sabon abu ba ne.

Rawayan bai ba ni wahala ba. Na daidaita shi da maganaɗisu ta fuskar dutsen da ake kira [100], a ƙarfin maganaɗisu na wajen militesla 340, layuka uku suka fito rangaɗau, tazarar kusan militesla 3.3 tsakaninsu, kamar yadda naitirojin-14 ya saba bayarwa. Na juya shi zuwa fuskar [111] suka zama biyar. Daɗi ya kama ni. To nan fa na yi abin da ya kashe ni: na cire rawayan, na saka farin, ban taɓa ƙarfin maikirowef ba. Miliwat 2 na tarar, a haka na bar shi.

Sigina ta fito 'yar mitsitsiya. Na ce ai dole, dutse mai tsabta ne. Da na ga hayaniyar da ke rufe sigina ta yi yawa har ƙara ƙarfin na yi, wai don ta fito sosai. Garin neman ƙiba na samo rama.

Wani yayanmu ɗan Zariya da ke digirin digirgir a ɗakin shi ya leƙa littafina ranar wata Alhamis, ana jiran a tayar da janareta. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ƙanena, da wane ƙarfi ka auna wannan?"

Na ce, "Miliwat 2, Malam. Shi na yi wa rawayan."

Bai yi mini faɗa ba, wanda da ya yi ma da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ya yi in rage in gani. Da wuta ta dawo na rage. Maimakon layukan su ragu, sai suka miƙe. Na ƙara ragewa, suka ƙara tashi. Sai da na gangara cikin maikirowat (dubunsu ne miliwat ɗaya) kafin suka fara bin ƙa'ida, wato in ka raba ƙarfi gida huɗu, sigina ta koma rabi. Wallahi zufa ce ta karyo mini duk da sanyin ɗakin.

Abin da ke faruwa na karanta shi a aji, na ma amsa shi a jarrabawa. Ilektaron ɗin P1 in ya sha makamashi ya hau sama, sai ya ɗauki milisakan kafin ya sauko, kuma a duniyar EPR wannan doguwar jira ce. A dutse mai ƙarancin naitirojin, ƙwayoyin sun yi nisa da juna, babu mai damun wani, layin siriri ne ƙwarai, nan da nan yake ƙoshi. In ka ci gaba da ɗura masa maikirowef, yawan ilektaron na sama da na ƙasa sai su kusa yin daidai, babu sauran mai sha. Ka ga ke nan na'ura za ta nuna maka naitirojin kaɗan alhali yana nan. Rawayan, da yake nasa ya kai ɗari cikin miliyan ko fiye, ya fi jure duka, shi ya sa ya rufe mini ido.

Akwai kuma ƙaramin laifi na biyu, girman kaɗawar maganaɗisu da na bari ya fi faɗin layin kansa, ya baje shi. Wannan minti goma ya ɗauka na gyara. Miliwat 2 ɗin nan ne ya ci mini mako uku, da kuɗin mota, da rabon man janaretan da na zuba.

Yanzu ko wane dutse aka miƙo mini, ko da an rantse mini tagwayen na jiya ne, ba na rubuta lamba ɗaya sai na fara daga ƙasa can, ina ƙara ƙarfi kaɗan-kaɗan ina zana yadda sigina ke hawa, in tsaya nesa da inda ta fara lanƙwasa. Yakan cinye rabin lokacina, ina kallon agogo ina tsaki.

Da na koma gida daren waccan Alhamis ɗin, kawuna ya ga fuskata ya tambayi ko dutsen ne ya ɓace. Na ce a'a, Kawu, yana nan. Ya ce to alhamdu lillahi, ya ci gaba da cin tuwonsa. Washegari na ja layi a kan shafi goma sha ɗaya, na je roƙon sabon lokaci a kan na'urar. Sai bayan kwana tara aka samu gurbi.