Ajin kimiyya ko ajin adabi?

Jiya na raka ƙanwata makaranta za ta fara SS1, na tarar da iyaye sun cika ofishin mataimakin shugaba, kowa na roƙon a saka ɗansa ajin kimiyya. Wani dattijo har da rantsuwa wai ɗansa likita zai zama. Malamin ya buɗe sakamakon jarrabawar JSS3 ya nuna masa makin lissafi, sai dattijon ya yi tsit.

Abin ya tuna mini namu lokacin. Ni ma tura ni aka yi. Shekara uku muna kwafar kimiyyar sinadarai daga allo, ba mu taɓa kwalbar gwaji ba sai saura mako biyu WAEC, rannan aka buɗe ɗakin gwajin, ƙura ta yi masa kaca-kaca. 'Yan ajin adabi da kasuwanci kuwa kallon marasa ƙoƙari muke musu, alhali kiredit biyar ɗin nan har da Turanci da lissafi kowa ake nema wa kafin jami'a.

Da aka zo kan ƙanwata, ta ce, "Yaya, ni lauya nake so." Na ce Malam, rubuta ta a adabi. Baba dai bai sani ba tukuna.