Daga Ganuwar Kaitbay Zuwa Hubbaren Busiri, A Ƙafa

Ɗan wana da ke karatu a Azhar shi ya dage sai mun leƙa Iskandariyya kafin in baro Masar. Ni so na yi in ƙarasa sayayyata a Alkahira in huta, amma ya ce, "Baffa, akwai abin da nake so ka gani da idonka, ba zan gaya maka ba sai mun je." Muka bi jirgin ƙasa da sassafe daga tashar Ramsis, da hantsi muna cikin garin. Tasi mai fenti baƙi da ruwan ɗorawa ta kai mu can ƙurewar gaɓa, inda ƙasa ta miƙa wani siririn hannu cikin Bahar Rum, a ƙarshensa ganuwar Kaitbay.

Iska ce ta fara yi mana maraba, mai sanyi da ƙarnin gishiri, sai da na dafe hulata. A wurin sayen tikiti kuɗin Bamisire daban, na baƙo daban, kuma tazarar ba kaɗan ba ce. Ban ji haushi ba ko kaɗan. Da na ga yadda suka share wurin, suka gyara duk dutsen da ya zaizaye, sai badalar Kano ta faɗo mini a rai, yadda muka zuba ido ana ɗibar ƙasarta ana yanka filaye a kanta. Su sun mai da tsohon gini abin cin abinci, mu namu muna kallo yana narkewa duk damina.

Sultan Kaitbay, ɗaya daga cikin sarakunan Mamluk da suka mulki Masar, shi ya fara ginin a 1477, aka gama a 1479, don tsoron kada Turkawan Usmaniyya su ɓullo masa ta ruwa. Duk da haka a 1517 sai da suka ci Masar. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne inda aka dasa ginin. A daidai nan tsohuwar hasumiyar Iskandariyya take, wadda aka gina tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, tsawonta ya haura mita 100, ana hura wuta a ƙolinta don jiragen ruwa su gane hanya da dare. Girgizar ƙasa ce ta yi ta cinta, musamman ta 1303 da ta 1323, har ta zube. Da duwatsunta aka tayar da wani sashe na ganuwar. Yaron ya ja ni kusa da ƙofa ya nuna mini wasu manyan duwatsu jajaye a cikin fararen, da gani ka san ba uwarsu ɗaya ba. Na shafa ɗaya, sumul, sanyi ƙalau.

Ciki kuwa ɗakuna ne wayam, da ƙananan tagogi na harbi, da wani ɗan masallaci na sojoji. Samari da 'yan mata sun cika ko'ina suna ɗaukar hoto. A watan Yuli na 1882 jiragen yaƙin Ingila suka yi wa garin luguden igwa, ganuwar nan ma ta sha wuta. Na tsaya ina lissafi: shekara 21 kacal bayan nan, a 1903, mutanen nan dai suka iso ƙofar Kano.

Daga sama ana ganin gaɓar ta lanƙwashe, kwale-kwale birjik a cikin ruwan, can tsallake sabon ɗakin karatun da aka buɗe a 2002. Nan kusa kuma wata farar hasumiya da ƙubbobi sun yi wa gidaje zarra. Ya ce, "Can za mu, kuma da ƙafa."

Muna fitowa wani mai keken doki ya tare mu. Wai masallacin da nisa, wai rana za ta yi wa dattijo illa, alhali ga hasumiyar muna kallonta. Ya yanka wani kuɗi, na ce albarka. Muna tafe yana biye, duk taku goma sai ya rage, har ya sauko ƙasa da rabi. Da ya ga ba ci, sai ya kama hannun rigata. Nan ne raina ya ɓaci. Ciniki na sani, a cikinsa na tashi, amma a Kwari ko Kurmi ba wanda zai riƙe wa baƙo riga. Dokin ma duk haƙarƙari a waje, ni tausayinsa ya fi kama ni.

Gaba kaɗan Allah ya haɗa mu da wanda ya wanke mini wannan ɓacin rai. Wani tsohon masunci ne zaune a kan katangar bakin ruwa, da fatsa mai tsawon gaske, ga bokiti da 'yan ƙananan kifaye uku ko huɗu suna motsi. Na tsaya kallo, ya ɗago ya ce, "Sudani?" Na ce Najeriya. Sai fuskarsa ta washe, ya shiga jero sunaye: Kanu, Okoca. Kafin in ankara ya ƙwalla wa mai shayi kira. Aka kawo a 'yan ƙananan kofunan gilashi, baƙi wuluk ba madara, da ganyen na'ana'a, sukari ya kwanta a gindi. Na sa hannu a aljihu, ya riƙe hannun ya rantse da Allah ba zan biya ba. Mutumin da kamun yininsa bai cika tafin hannu biyu ba! Ya nuna mana inda ake sassaƙa kwale-kwale da katako a unguwar Anfushi, ya ce a nan ya girma. Jikin kwale-kwalen duk rubutu ne, Masha Allah, Tawakkaltu Alallah, irin dai wanda direbobinmu suke sa wa a goshin manyan motoci.

Masu gasa masara suna nan jere. Na saya don marmari, amma gaskiya ba ta kai tamu ta damina zaƙi ba, ga tauri, kuɗin kuma in ka juya shi zuwa naira sai ka riƙe baki.

Ana kiran azahar muka isa dandalin masallatai. Babban shi ne na Abul Abbas al-Mursi. An haife shi a 1219 a garin Mursiya na Andalus, cikin Sifaniya ta yau, ya zama babban almajirin Shehu Abul Hasan Shazili kuma magajinsa, ya rasu a nan a 1287. Ginin da ake gani yanzu ba tsoho ba ne, a 1945 aka kammala shi, kuma wani Ba'italiye, Mario Rossi, yana cikin waɗanda suka zana shi. Ciki kusurwa takwas ne, da dogayen ginshiƙai na dutse, ga wata ƙatuwar fitila ta sauko daga tsakiya. Bayan sallah muka yi wa Shehu Abul Abbas sallama da addu'a. Na ga masu rungumar ƙarfen hubbaren suna kuka. Na san irin muhawarar da wannan zai tayar a gida. Ni a nawa ganin sallama da addu'a sun wadatar, amma ban ga abin raina mutumin da damuwa ta kawo shi ba.

Da muka fito sai yaron ya juya ni wajen wani ƙaramin masallaci da ke daura da babban. Ya ce, "Baffa, karanta sunan." Na karanta. Imam Busiri.

Jikina ya yi sanyi. Mai Burda, mai Hamziyya! Tun ban san ma'anar kalma ɗaya ba nake jin baitocin mutumin nan, a bakin mahaifiyata in tana aiki, a bakin 'yan Islamiyya duk watan Rabi'ul Awwal, a zaurukan unguwarmu daren Mauludi har asuba. Ban taɓa kawo wa raina cewa yana da kabari a wani wuri da ƙafa za ta iya zuwa ba. Ashe shi ma almajirin Abul Abbas ne, ga shi kwance kusa da malaminsa. Malamanmu sun sha ba mu labarin yadda ɓarin jikinsa ya shanye, ya yi wannan yabo, ya ga Manzon Allah (SAW) a mafarki ya lulluɓe shi da mayafinsa, ya farka garau.

An zagaye bangon ciki da baitocin, da rubutu mai kyau. A wata kusurwa wani dattijo yana rerawa a hankali. Karin muryarsa ba irin namu ba ne, nasu ya fi ja, namu ya fi sauri, amma kalmomin su ne dai. Na zauna gefensa na kama daga inda yake. Ya waiwayo ya dube ni da mamaki, ya matsa ya ba ni wuri a kan dardumarsa, muka ci gaba tare, shi da karinsa ni da nawa, har muka kai ƙarshen fasalin. Bai tambaye ni daga ina nake ba, ya dai riƙe hannuna da hannu biyu ya daɗe bai saki ba. Na yi wa mahaifiyata addu'a a wurin, Allah ya jiƙanta.

Kusa da nan akwai masallacin Yaƙutul Arsh, shi ma almajirin Abul Abbas ne, Bahabashe baƙar fata. Mun leƙa mun yi sallama.

Daga nan sai cin kifi. Kai za ka zaɓi naka a kan ƙanƙara, a auna, a gasa, a kawo da shinkafa da gurasa. Ya yi daɗi, sai dai ba yaji, kuma a tambayi kuɗin kilo kafin a ɗora a wuta. Ɗakin karatun bai samu ba, lokaci ya ƙure. Jirgin magariba muka bi zuwa Alkahira.