Na gwada haɗa waƙa irin ta Alive 2007 a kwamfutata

Ni fa ba DJ ba ne, ɗan taɓe-taɓe ne kawai a kwamfuta, amma tunda na saurari Alive 2007, kundin wasan kiɗan da aka naɗa a gaban jama'a na Daft Punk, Faransawan nan biyu masu shigar mutum-mutumi, Thomas Bangalter da Guy-Manuel de Homem-Christo, abin ya tsaya min a rai. A zauren Bercy na birnin Paris aka naɗi wasan ran 14 ga Yunin 2007, har Grammy ya ci a 2009, kuma ba wasu sababbin waƙoƙi suka zo da su ba, tsofaffin nasu suka yayyanka suka ɗora wannan kan waccan.

Sai na ce bari in gwada. Na sauke manhajar haɗa kiɗa ta Ableton Live tunda da ita suka yi aiki, na ɗauko Around the World da Harder, Better, Faster, Stronger waɗanda su ma suka haɗa a wasan. Daidaita gudun waƙa ba wuya, manhajar ce ke ja maka ita ta ƙara sauri ko ta rage. Inda gizo ke saƙar shi ne bes, wato sautin nan mai kauri na ƙasa. In ka bar bes ɗin waƙa biyu suna tafiya tare wallahi sifika gurnani kawai za ta dinga yi ba ka gane komai, dole ka datse na ɗaya gaba ɗaya ka bar muryarta kaɗai tana yawo a sama, ashe yawancin aikin ragewa ne ba ƙari ba. Kuma kar ka yarda da abin da iyafis ke gaya maka, kunna a babbar sifika tukuna.

Abin da ya fi ba ni wahala haƙuri. Su sai su cire ganga su bar ka kana jira, kana jira, har jama'a su fara ihu sannan su sako ta, ni kuwa hannuna ƙaiƙayi yake. Ihun nan ma wani kiɗa ne, nawa haɗin da na kunna a ɗaki sai na ji shi salam. Shi ya sa waƙoƙin kundinsu Human After All na 2005 da mutane suka yi ta kushewa suka zama wani abu daban a Bercy, Television Rules the Nation ma kamar ba ita ba.

Sun rabu a 2021 kuma ba su fitar da DVD ɗin wasan ba, sai bidiyon 'yan kallo a YouTube. Yanzu One More Time da Aerodynamic nake fama da su, jitar nan ta Aerodynamic ta ƙi zama min.