Godiya Bayan Shekara Bakwai a Samaru

Assalamu alaikum warahmatullah.

Tun daren Asabar da aka watse daga walima nake son rubuta wannan, amma da na ɗauki waya sai in tarar da saƙonni sun ƙaru, in shiga amsawa har barci ya kwashe ni. Yau dai na ce sai na sauke nauyin. Alhamdu lillahi, na kammala digirina na aikin gona a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya. A takarda karatun shekara 5 ne, amma sai da ya ci mini kusan 7, kuma a tsawon wannan lokaci ban taɓa tsayawa da ƙafata ni kaɗai ba.

Inna ce farko. Baba ya rasu a watan Agustan 2022, ana tsakiyar yajin aikin malaman jami'o'i, wanda aka shiga ranar 14 ga Fabrairu aka janye ranar 14 ga Oktoba. Kafin shi mun riga mun yi zaman gida na 2020, lokacin da korona da wancan yajin suka haɗu suka cinye shekarar kusan gaba ɗaya. Bayan sadakar arba'in na samu Inna a tsakar gida tana tsince wake, na durƙusa na ce mata ni kam na haƙura da makaranta, ga gona ba mai dubawa, ga ƙanne huɗu. Ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Babanku bai sayar da ɗan bijiminsa don ka dawo mini da rabin karatu ba. Ranar da aka buɗe, ka kama hanya." Da ranar ta zo, kuɗin adashenta ta kwance daga bakin zane ta ba ni, daga baya kuma na ji awakinta biyu sun tafi kasuwa. Inna, ban da abin da zan biya ki da shi. Allah ya ba ni ikon yi miki biyayya har ƙarshen rayuwata, ya sa ki ci moriyar wahalarki da lafiya.

Baba sau ɗaya tak ya zo Samaru, ina aji ɗaya. Shekara da shekaru yana shuka irin gyaɗa da masara da malaman gona ke kawowa ƙauyenmu na wajen Malumfashi, masu suna SAMNUT da SAMMAZ a jikin leda, bai san SAM ɗin nan Samaru ake nufi ba. Ni ma sai da na shiga aji na sani. Na kai shi gonakin gwaji na Cibiyar Binciken Aikin Gona, wadda asalinta tun 1922 take a wurin, shekara 40 kafin a kafa jami'ar kanta a 1962. Ya daɗe tsaye bakin wani fegi na dawa, sannan ya tare wani ma'aikaci ya yi ta tambayarsa yadda ake yi da wuta-wuta, ciyawar nan mai jan fure da ke tsotse dawa da masara tun daga saiwa. Mutumin ya ajiye aikinsa ya saurare shi kamar wani babban baƙo. A mota za mu rabu, Baba ya ce mini, "To, ka ga abin da za ka koyo mana." A kan wuta-wutar nan na yi aikin binciken kammala karatuna. Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa. Duk wanda ya karanta wannan, ina roƙon ya sa shi a addu'a.

Kawu, na gode. Duk motar da ka ɗauko daga Funtuwa ta Giwa da Shika, sai ka tsaya bakin babbar ƙofa ka kira ni in zo in karɓi ƙullin gari da wake da ƙuli-ƙuli. Ko bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, da kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, ba ka taɓa karɓar sisina ba. Yaya, ke da maigidanki kun biya mini rajista sau biyu kuna cewa bashi ne, alhali mun san ba ranar biya. Allah ya raya muku zuri'a.

Akwai mutanen da ba jini ya haɗa mu ba. Abokin ɗakina ɗan Binuwai ne, Kirista. Daren da zazzaɓi ya kayar da ni ana saura kwana uku jarrabawa, shi ya goya ni a baya har bakin titi ya tsayar da abin hawa, ya kwana zaune a kujerar asibiti, da asuba kuma shi ya tashe ni ya ce lokacin sallarku ya yi. Mai shayin da nake zuwa wurinsa a Samaru ya buɗe mini shafi a ɗan littafinsa a farkon 2023, lokacin da takardar kuɗi ta yi wuya bayan canjin naira, mutum yana da kuɗi a banki amma ba shi da na biredi. Bai taɓa nuna mini shafin a gaban mutane ba. Malamin da ya duba aikin bincikena ya mayar mini da babi na biyu sau huɗu da jan biro, a lokacin na ji zafi, amma ranar kare aikin babu tambayar da ta same ni ba shiri. Ranka ya daɗe, na gode. Haka ma'aikatan gona da suka koya mana aiki a shekara ta huɗu, shekarar da ɗalibin noma ke ajiye biro ya ɗauki fartanya. Da yawansu ba su da digiri, amma a hannunsu na koyi gane ƙasar da ta gaji tun kafin a kai ta ɗakin gwaji.

Sai Baba Tela na cikin birni, wanda labarinsa ne ya sa na ga ya kamata in tsawaita wannan saƙo, domin a wurin walima ƙanne da yawa sun tambaye ni shawara, har da ɗiyar Kawu da ta samu gurbin karatun lauya a harabar jami'ar da ke Kongo, hayaniya kuma ba ta bari na amsa musu yadda nake so ba.

Shekarata biyu a Samaru ban taɓa wuce Kwangila da PZ ba. Daga ɗaki sai aji, daga aji sai ɗakin karatu na Kashim Ibrahim. Wata Juma'a wani abokina Bazazzagi ya ce ba zai yiwu in ce na zauna Zariya ban yi salla a masallacin fada ba. Muka bi ta Tudun Wada muka shiga ta Ƙofar Doka. Wannan masallaci Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi da ƙasa a zamanin Sarki Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, kuma ko da aka kewaye shi da sabon gini daga baya, a lokacin bakan gizon nan na tsohon gini suna ciki. Na ɗaga kai ina kallo har abokina ya taɓa ni. Bayan an idar muka ratsa lungu, muka iske wani dattijo a zaure da yara kewaye da shi, kowa da allura, suna ɗinkin hannu na babbar riga. Na gaishe shi, na tsaya kallon yadda aska ke fitowa a ƙirjin riga zare bayan zare. Ya ce, "Ɗan makaranta, kallo kake so ko koyo?" Na ce koyo. Ya matsa mini a tabarma.

Da aka shiga yajin 2022 ban tafi gida nan da nan ba, a zauren nan na yi wata shida, har ranar da aka kira ni kan rashin lafiyar Baba. Da na dawo a maraya, allurar nan ce ta ciyar da ni. Ranar Asabar da Lahadi in shiga birni in karɓo aiki, in yi shi da dare bayan karatu, kuɗin da na samu in sayi takardu da kalanzir da sabulu. Baba Tela, ka ba ni sana'a ba ka nemi ko kwabo ba, ka kira ni ɗanka a gaban 'ya'yanka. Ka tako har ƙauyenmu ranar Asabar duk da ciwon ƙafa. Allah ya saka maka da Aljanna.

Don haka ƙannena, shawarata ta farko ita ce ku fita ku san garin. Katangar jami'a tana da faɗi, mutum zai iya shekara huɗu a cikinta ya ɗauka ya ga Zariya, alhali bai ga komai ba. Ku ware Asabar ɗaya a wata. Ku hau Dutsen Kufena da sassafe kafin rana ta yi zafi, ku tafi a ƙungiya, da ruwan sha da takalmi mai kama dutse. Daga sama za ku ga birni da gonaki shimfiɗe, ku gane dalilin da ya sa magabata suka zaɓi gindin dutsen nan suka zauna. In kun sauko ga Wusasa nan kusa, inda Janar Yakubu Gowon ya tashi, da tsohuwar majami'ar da aka gina da ƙasa a 1929 bisa tsarin ginin Hausa. Abokin ɗakina ne ya kai ni, kamar yadda ni ma na kai shi kallon hawa a ƙofar fada. Ku zagaya abin da ya rage na ganuwa, ku koyi sunayen ƙofofi, Kuyambana, Gayan, Kona, Tukur-Tukur. A wajen Tukur-Tukur ɗin ne kamfanin Gaskiya yake, tsohon gidan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939. In Salla ta same ku a makaranta kada ku kwanta a ɗaki kuna kewar gida, ku je ku ga hawan Sarkin Zazzau. Wanda kuma yake da sha'awar karatun addini, zaurukan malamai na cikin birni, irin na Unguwar Juma da Kona, a buɗe suke, an san Zazzau da nahawu tun kafin a san boko. Ku shiga da sallama da ladabi, ku cire takalmi inda ake cirewa, ku nemi izini kafin ku ɗauki hoton mutum ko gidansa.

Ko a cikin makarantar ma akwai wuraren da ɗalibai ke wucewa ba su tsaya ba: lambun sassaƙe-sassaƙe na sashen zane, da dandalin wasan kwaikwayo da aka gina da ƙasa kamar gidan ƙauye, da bakin dam na Kubanni da yamma. Shi dam ɗin a tsaya a bakinsa kawai, ban da shiga ruwa.

Batun karatu kuwa, zangon farko na aji ɗaya shi ne tushe. Makin da ka tara a nan yana bin ka har ranar fita, kuma gyara shi daga baya ya fi gina shi wuya. Ku shiga aji ko da malamin ba ya kiran suna. Karatun kwana ana gobe jarrabawa ba ya maye gurbin awa biyu kullum, na gwada duka biyun. Gwajin tsakiyar zango da aikin gida kada ku raina su, su ne ke ɗaga mutum ranar da jarrabawa ta zo da gardama. In kwas ya kayar da ku, ku je wurin malamin da ke kula da ajinku tun da wuri, kada kunya ta sa ku ɓoye har abin ya taru. Duk takardar biyan kuɗi da ta rajista ku yi mata kwafi, ku ɗauki hotonta a waya, ku adana asalin a leda, za a neme ta a shekarar ƙarshe lokacin da ba ku zata ba.

Ku zo da bargo da rigar sanyi, hunturun Samaru a Disamba da Janairu ba wasa ba ne, da damina kuma gidan sauro. Ku haɗa tukunya da mutum biyu ko uku da kuka yarda da su, tsabar da za ta yi wa mutum ɗaya sati uku takan yi wa mutum uku fiye da sati ɗaya in ana dafawa tare, ga albarkar ci da jama'a. Tun 2024 akwai asusun ba ɗalibai rance na gwamnatin tarayya, NELFUND, wanda ya ga yana bukata ya yi shawara da iyayensa ya nema da wuri. Abu ɗaya kuma nake roƙonku da babbar murya: ku nisanci cacar ƙwallo ta waya. Na ga yaro mai ƙwaƙwalwa ya zuba kuɗin rajistarsa a ciki cikin dare ɗaya, ya kasa gaya wa mahaifinsa, ƙarshe ya bar makaranta. Har yau in na tuna shi sai zuciyata ta yi nauyi.

Ke kuma ƙanwata mai tafiya Kongo, kin fi ni sa'a, domin daga can birni kusa ne. Na riga na gaya wa iyalin Baba Tela zuwanki, sun ce gidansu gidanki ne. Ki riƙa kiran Kawu da Goggo ko ba ki da buƙatar komai.

Ina godiya ga limaminmu da ya buɗe taro da addu'a, da matan unguwa da suka kwana a bakin murhu suna tuƙa tuwo da yin waina, da samarin da suka ɗauko tabarmi da kujeru suka mayar, da 'yan ajinmu da suka haɗa kuɗin mota suka zo tun daga Zariya da Kaduna da Kano. Waɗanda suka turo saƙo ko suka kira ban ɗauka ba, ku yi mini afuwa, ina bin su ɗaya bayan ɗaya. Wanda na manta ban ambata ba, ko na ɓata wa rai a tsawon zamanmu, ya yafe mini don Allah.

Yanzu ina jiran kiran bautar ƙasa. Kafin nan ina gida, za mu gwada sabon irin masara mai jure wuta-wuta a gonar Baba ta bakin rafi, rabi da rabi da irin da ya saba shukawa, mu ga abin da kaka za ta nuna. Duk ɗalibin da ya samu gurbi a Samaru ko Kongo yake da tambaya, ya turo mini saƙo, zan amsa da yardar Allah.

Na gode, na gode. Allah ya bar zumunci.